Fulawa A Cikin Ɗanwake: Koken Wani Uba Daga Giginyu

Ban taɓa zaton akwai ranar da zan tsaya a gaban mai ɗanwake ina tambayarta abin da ta zuba a ƙullinta ba. Ni dai ina cikin mazan nan da aka rena a kan cewa kicin ba hurumin namiji ba ne, a kawo maka kwano ka buɗe, ka yi bisimilla, ka ci, ka yi hamdala. Amma wata safiyar Asabar sai ga ni a ƙofar gidan wata baiwar Allah da ta daɗe tana sayar da ɗanwake a layinmu a nan Giginyu. Na yi sallama, muka gaisa, sannan na ce, "Hajiya, don Allah da wane gari kike kwaɓa ɗanwaken nan?" Ta dube ni da mamaki, ta ce, "Alhaji, da fulawa mana. Ai yanzu da wuya ka sami mai yin ɗanwake babu fulawa. Ta fi sauƙin aiki, ta fi kyan ido, yara ma ita suka fi so." Na yi mata godiya na juyo gida. Ban ga laifinta ba, domin ba ta ɓoye mini komai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, abincin da sunansa kansa ya ce na wake ne ya koma na alkama ba tare da an yi shela ba, kuma na daɗe ina saya wa 'yata shi da hannuna, ina ganin gata nake yi mata.

Yarinyar nan ta yi kusan shekara uku tana fama. Cikinta kullum a kumbure, zawo ya zo ya tafi, ga rama, ga kasala, ƙannenta na neman kamo ta a tsawo. An yi mata maganin taifod har na daina ƙirga sau nawa. An ce tsutsar ciki ce, aka ba ta magani. An ce gyambon ciki ne. An ce jininta ya yi ƙasa, ta sha maganin ƙarin jini wata da watanni, aka sake aunawa jinin yana nan inda yake. A gida kuwa kowa da nasa binciken: wannan ya ce shawara, wancan ya ce basir, wata gwaggona ta ja ni gefe ta ce in daina wahalar da kaina da asibiti, akwai hannu a cikin lamarin. Ba zan ambaci asibitocin da muka zaga ba, domin ba ƙorafi a kan wani na zo yi ba. A ƙarshe wani likitan yara, Allah Ya saka masa da alheri, ya zaunar da mahaifiyarta ya ce ta lissafa masa abin da yarinyar ke ci tun daga karin kumallo har zuwa kwanciya. Burodi da shayi, indomi, biskit a jakar makaranta, taliya, ɗanwake, tuwon semo. Ya rubuta wani gwajin jini da ake kira tTG, daga baya aka zura mata na'urar leƙa ciki ta baki aka ɗebo ɗan ƙanƙanen yanki na hanjinta aka duba. Ranar na fara jin sunan cutar siliyak.

Ga mai karatu da bai taɓa jin ta ba, bayaninta ba shi da wuya. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai akwai wani sinadari mai suna gulutin. Shi ne danƙon nan da ke sa ƙullin fulawa ya miƙe ba tare da ya tsinke ba, shi ke sa burodi ya tashi ya yi laushi. Ga mafi yawan mutane abinci ne kawai. Amma ga wasu da suka gaji wata halitta a jininsu, da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba, kuma a wajen yaƙarsa sai ta riƙa cin bangon hanjin kansa. A jikin bangon nan akwai wasu 'yan tsirrai sirara masu kama da gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai jini. Idan suka lalace, mutum zai ci ya ƙoshi amma jikinsa na cikin yunwa. Daga nan ne ƙarancin jini ke zuwa, da rashin girma ga yara, da raunin ƙashi ga manya, wasu matan har da yawan ɓari. Ba a ɗaukarta daga wani, ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Maganinta guda ne: a bar alkama da danginta har ƙarshen rayuwa, hanjin kuma ya warke da kansa da yardar Allah.

Yadda aka gano laifin alkama ma abin a tsaya a kai ne. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin ta. Sai aka shiga yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya ɓace daga ƙasar. A lokacin da sauran jama'a ke ramewa, yaran da ke kwance da wannan cuta sai suka fara murmurewa, da burodi ya dawo kuma ciwonsu ya dawo. A 1950 ya gabatar da bincikensa a rubuce. Bayan haka an daɗe ana ɗaukar ta cutar Turawa, kuma wannan zato ya yi wa mutane da yawa illa, domin likita ba ya neman abin da aka karantar da shi cewa babu shi a ƙasarsa. A 1999 wani ayarin likitoci ƙarƙashin Carlo Catassi na Italiya ya wallafa sakamakon auna yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a kusa da Tinduf ta Aljeriya, aka tarar kashi 5.6 cikin 100 suna da ita, alhali ƙiyasin duniya bai wuce kamar mutum ɗaya cikin 100 ba. Waɗannan 'yan Afirka ne, mazauna Sahara, waɗanda abincin agaji ya mayar wa burodi cimar yau da kullum. Ban ce adadinsu namu ne ba. Abin da nake cewa shi ne, cutar tana jiran alkama ne, duk inda alkama ta yawaita a kwano sai masu ɗauke da halittar su bayyana.

Mu kuwa alkama ta yawaita a kwanonmu fiye da yadda kakanninmu za su iya tsammani. Ba baƙuwa ba ce a Kano, wannan gaskiya ne. Sunanta daga Larabci muka aro shi, an daɗe ana nomanta da rani a fadamu, kuma gurasa da alkaki da funkaso da alkubus da taliya 'yar murji duk namu ne, babu mai raba mu da su. Sai dai a da abincin ranar girma ce, ta salla da biki da saukar baƙo, ta gidan sarauta da na attajirai. Tuwon yau da gobe na dawa ne da gero. Zamanin kuɗin man fetur ne ya buɗe ƙofa jiragen ruwa suka riƙa sauke alkamar Amurka a Legas, har wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka rubuta littafi sukutum a 1985 a kan yadda Nijeriya ta faɗa tarkon alkama. An gina madatsar Tiga, aka kammala a 1974, aka shimfiɗa noman rani a Kadawa da fatar mu noma tamu. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta haramta shigo da ita, bayan 'yan shekaru aka janye haramcin, domin baki ya riga ya saba. Yau ƙasar nan na shigo da fiye da tan miliyan 4 a kowace shekara, abin da muke nomawa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na bukatarmu ba. Masana tattalin arziki sun sha kuka a kan dalar da ke zurarewa ta wannan hanya. Ni kukana ya fi nasu ƙanƙanta, amma a cikin gidana yake.

Da likita ya gama mana bayani, ya ƙara da wata magana da ta kwantar mini da hankali a ranar: ya ce ku Hausawa kun yi sa'a, domin gero da dawa da masara da shinkafa da acca da tamba da wake da rogo da doya da dankali duk babu gulutin a cikinsu. Na fito ina cewa ashe abin mai sauƙi ne, mu koma abincin Hajiyarmu kawai. Bature mai wannan cuta sai ya nemi wani burodi na musamman mai tsadar gaske a kanti, ni kuwa kasuwar Dawanau na nan, 'Yankaba ma ga ta a kusa da mu. Ban san cewa wahalar ba a kasuwar hatsi take ba, tana tsakanin buhu da kwano.

Injin niƙa ne ya fara koya mana darasi. Muka daina sayen burodi da taliya, uwargida ta koma tuwon dawa da na masara, amma bayan makonni yarinyar ta sake kwanciya da ciwon ciki. Sai da muka bi sawu muka gane cewa injin da ake kai mana niƙa shi ne ake niƙa alkama a cikinsa, musamman yanzu da masu ciwon sukari suka rungumi tuwon alkama. Garin wanda ya riga ka yana maƙale a cikin injin, naka ne ke wanke shi. Na yi wa mai injin bayani, ya ce, "Yallaɓai, ai ɗan abin da ya rage bai kai cokali ba." A wurinsa ya yi gaskiya. Amma ƙa'idar da hukumar Codex ta duniya ta gindaya ita ce, ba a kiran abinci marar gulutin sai idan abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba, kuma bincike ya nuna miligiram 50 a kullum ya isa ya ci gaba da lalata hanji. Wannan ɓarɓashin burodi ne da ba za ka sunkuya ka ɗauka ba idan ya faɗi. Dole muka sayi ɗan ƙaramin injin gida, muka ware mata rariyarta da muciyarta da tukunyarta, domin muciyar icce na riƙe abin da aka tuƙa da ita jiya.

Daga nan sai idona ya buɗe a kan irin wuraren da fulawa ta kutsa ba da sallama ba. Ɗanwake na faɗa. Akwai masu waina da ke barbaɗa ta a ƙullin shinkafa don ya haɗe. Akwai mai ƙosai da ke soya fanke a man da take soya ƙosanta. Akwai mai awara da ke turbuɗa ta a fulawa kafin suya. Akwai kunun da ake haɗa alkama a cikin hatsinsa don gardi. Dashishi da kuskus da semo kuwa alkama ce tsantsa, amma za ka yi mamakin yawan masu digiri da ke ɗaukar semo wani hatsi ne dabam. Ni kaina ina cikinsu. Har burodin rogo da aka yi ta yayatawa zamanin Shugaba Obasanjo, aka sake tayar da shi zamanin Shugaba Jonathan, wani abokina ya kawo mini shawararsa da kyakkyawar niyya, bai san cewa rogon ɗan kaso ne ba, sauran duk fulawa ce. Kayan gwangwani da na leda su ma sai an karanta: lemon malta da garin shayi mai malta, wani da dawa aka yi shi, wani da sha'ir. Na zama mutumin da ke tsayawa a kanti da tabarau yana karanta bayan kwali, masu shago na kallona kamar jami'in NAFDAC.

Amma kayan kwali su ne masu sauƙi, tunda akwai abin karantawa. Mafi yawan abin da Bakano ke ci ba ya zuwa da takarda. A mudu ake auna shi, a faranti ake zuba shi, a leda ake ƙulla shi. Babu hukumar da za ta bi masu waina gida gida, kuma ban nemi a yi hakan ba, domin na san inda irin wannan aiki ke ƙarewa: a tsangwami talakar da ke neman na cefane. Abin da mai wannan cuta ke bukata daga gare mu shi ne gaskiya idan ya yi tambaya. Matar da na fara da labarinta ta fi mini wasu da yawa, domin ta ce fulawa ce. Wanda ke cutar da mu shi ne wanda zai rantse maka babu, don kada ciniki ya wuce shi, ko don yana ganin tambayar iyayi ce ta 'yan boko. Malamanmu na yawan jan kunne a kan algus, ana kawo misalin mai zuba ruwa a nono da mai tauye mudu. Ina roƙon su ƙara da wannan: wanda aka tambaye shi abin da ke cikin abincinsa ya ɓoye, alhali mai tambayar lafiyarsa yake karewa, ya ci amana ko da bai ƙara ko kwabo a farashi ba.

Abin da ya fi injin niƙa wuya shi ne zumunci. A al'adarmu ƙin cin abincin mutum magana ce babba. Ka je gidan suna ko ɗaurin aure, a ajiye wa yarinya cincin da dubulan da alkaki, ta ce ba ta ci, nan take a fara kallon uwarta. Mahaifiyata, Allah Ya ƙara mata lafiya, ta fi kowa son jikarta, kuma ita ta fi kowa ba mu aiki. Ranar wata salla na tarar ta gutsura mata alkaki a ɓoye. Na durƙusa na ce, "Hajiya, don Allah ki yi haƙuri, likita ya hana." Ta ce, "Kai dai da likitanka. Ɗan wannan ne zai kashe ta? Mu da muka ci muka girma fa?" Ban iya ja da ita ba. Kwana biyu yarinyar ta yi tana murƙususu, Hajiya na zaune a bakin gadon tana yi mata fifita, ba ta ce komai ba. Tun daga ranar ita ce ke daka mata nakiya da kanta duk salla, shinkafa da zuma da man shanu da kayan ƙamshi, ba ta yarda kowa ya sa hannu. Ita ce kuma ta koya wa uwargida ɗanwaken asali, garin wake da alabo da kuka da ruwan kanwa, ta nuna mata cewa kukar ce ke ba shi danƙon da ake nema a wurin fulawa. Ranar da aka fara yin sa a gidan, ni na fi yarinyar ci, domin ɗanɗanon ya mayar da ni zauren gidanmu shekara arba'in baya.

Ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa komai ya yi daɗi ba. Kek ɗin garin shinkafa da uwargida ta gwada don ranar haihuwar yarinyar ya ruguje tun kafin a yanka shi, aka ci da cokali. Acca, wadda ake kawowa daga Filato da kudancin Kaduna, ta yi tsadar da ba kowane gida ne zai iya dambunta ko fatenta kullum ba, ga aikin rege tsakuwa. Abin dariya ne, ko na takaici, cewa Tarayyar Turai ta amince a sayar da acca a kasuwanninta a 2018, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, mu kuwa a nan yaro na jin kunyar buɗe kular tuwon dawa a makaranta saboda na kusa da shi ya zo da indomi. Amma sinasir da waina da alale da dambun shinkafa da zogale da fura da nono da kunun gyaɗa sun cike mana gurbi, kuma cikin shekara guda yarinyar ta yi tsawon da sai da aka sake mata kayan makaranta sau biyu. Jininta ya hau ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba.

Na san akwai mai cewa, a jihar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke ɗibar yara, wane ne ke da lokacin cutar mutum ɗaya cikin ɗari? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma na raina ta. Amsata ita ce ban nemi a gina asibiti ko a ware kasafi ba. Na nemi likita ya sa wannan cuta a cikin lissafinsa idan ya ga yaron da zawonsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko matar da ƙarancin jininta ya ƙi jin magani, ko mai ciwon sukari irin na yara, domin cututtukan biyu kan zo tare, kuma masu ciwon sukari ne aka fi cusa wa tuwon alkama da sunan magani. Tambayar me yaro ke ci ba ta cin ko sisi. Kuɗin da na kashe a maganin taifod ɗin da babu shi ya ninka kuɗin gwajin da ya gano gaskiya sau da yawa, ni kuma mai albashi ne. Ina tunanin uban da ba shi da halin zaga asibiti uku.

Wani jan kunne kuma ga 'yan uwana 'yan boko, domin na san halinmu. Kada wani ya karanta wannan ya je ya hana iyalinsa burodi don ya ga ana yayin haka a intanet. Alkama halal ce, abinci ce mai kyau ga mafi yawan mutane, manoman Kura da Haɗeja da masu gurasar cikin birni ba su yi wa kowa laifi ba. Wanda kuma yake zargin yana da cutar, kada ya daina cin alkama kafin a auna shi, domin idan ya daina gwajin zai fito lafiya lau alhali cutar na nan, ya rasa tudun dafawa. Idan an tabbatar da ita ga mutum ɗaya a gida, a auna iyayensa da 'yan uwansa na ciki ɗaya da 'ya'yansa, domin kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan makusanta kan kasance da ita, wasu ba tare da wata alama ba. Mu ma duk mun miƙa hannu an ɗebi jini.

Yanzu abin da ke gabanmu shi ne makarantar kwana. Yarinyar ta kusa gama firamare, tana son ta bi sawun yayarta, kuma ta cancanta. Na je na ga shugabar wata makaranta, na yi mata bayani tun daga Dicke har zuwa injin niƙa. Ta saurare ni da mutunci, sannan ta jawo jadawalin abincinsu ta miƙo mini: burodi da shayi sau huɗu a mako, taliya sau uku, tuwon semo da dare. Ta ce, "Alhaji, yara ɗari shida muke dafa wa a tukunya ɗaya. Idan ka yarda ta riƙa ware abin da ba ta ci, bismilla." Na ce mata zan yi shawara da mahaifiyarta. Takardar neman shigar tana kan teburina yau mako uku, ban cike ta ba, yarinyar kuma kullum da safe sai ta leƙa ta gani ko na sa hannu.